Ranar da Kwalisa Ta Zazzage Jakarta

A ɗakin wanki da guga na wani babban otal, can ƙasa inda baƙi ba sa leƙawa, akwai wata mata da kowa ke kira Kwalisa. Sunan ya bi ta tun tana budurwa, har mijinta ma da shi yake kiranta. Aikinta gugar zannuwan gado da rigunan matashi, a ɗakin da tururi ke tashi tun safe har yamma, injinan wanki na ruri kamar za su ɓalle daga bango. Duk macen da ta shiga nan da hoda, kafin hantsi ta narke ta gangaro mata wuya.

Wannan bai taɓa hana Kwalisa ba. Tana da wata 'yar jakar kwalliya ruwan ƙasa mai zif. Da an tashi hutun rana, kafin ta taɓa abinci sai ta wanke fuska, ta zizara jagira, ta goga jan baki.

"Wai wa zai gan ki a wannan ramin?" in ji abokan aikinta.

"Ni ɗin ba mutum ba ce?" Haka take ba su amsa kullum.

Mijinta mai walda ne, dogon mutum mai ban dariya, wanda in ya fara zuba sai an roƙe shi ya yi shiru. 'Ya'yansu sun girma, aiki da karatu sun kai su nesa, gidan ya rage daga ita sai shi. Wata safiya yana tsaye a shagonsa ya yanke jiki ya faɗi. Da aka kai shi asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Bakinsa ya karkace, maganar nan da ba ta ƙarewa ta tsaya cak.

Daga nan rayuwar Kwalisa ta koma gudu. Ta yi masa wanka, ta ba shi abinci, ta bar shi hannun maƙwabciya, ta ruga aiki, ta dawo ta kai shi gashin ƙashi. 'Ya'yan suna zuwa in sun samu hali, amma nauyin yau da gobe a wuyanta yake. Ranar da aka sallame su daga asibiti, ta rasa inda za ta sa ƙwayoyinsa kada su zube, sai ta tura su cikin jakar kwalliya don ita ce mai zif. Bayan ƙwayoyi sai auduga ta biyo, sai filasta, sai cokalin magani, sai man zafin da take murza masa a kafaɗa. Hodarta ta fashe a ciki ta baɗe komai. Ba ta ma lura ba, don ta daina buɗe jakar saboda kanta. Har wata sabuwar ma'aikaciya ta taɓa tambaya a ɓoye, wai me ya sa ake ce wa wannan matar Kwalisa.

Ana nan, wata rana zafin guga ya busar mata da leɓe har ya tsage. Hannu ɗaya na kan dutsen guga, ta zura ɗayan cikin jaka ta laluɓo abin da take zaton man leɓe ne, ta matsa, ta shafa ba tare da ta duba ba.

Man zafi ne.

Ihun da ta yi har ya danne ƙarar injin. Ta yi kan famfo a guje tana fifita baki da hannu biyu, idanu na zubar ruwa. Da matan suka gane abin da ya faru, dariya ta kwashe su, wata har da zama a kan kwandon tawul. Kwalisa ma ta taya su, leɓe ya kumbura suntum. Tana cikin dariyar sai ta rikiɗe ta zama kuka, irin wanda ya daɗe yana neman hanya.

Shugabar masu guga wata dattijuwa ce da suke kira Yaya, mace marar son dogon zance. Ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ɗauko wani tsohon zanin gado da ya yage ta shimfiɗa a kan tebur.

"Kawo jakar nan. Zazzage."

"Yaya, aiki fa..."

"Zannuwa ba su da ƙafa, ba inda za su. Zazzage na ce."

Ta zazzage. Ita kanta sai da ta ja da baya. Ga ƙwayoyi tsirara sun yi wanka da hoda, ga waɗanda likita ya daɗe da canzawa, ga filasta ta manne da matsefi. Soson hoda ya yi baƙi ƙirin. Gazal ya bushe kamar itace.

Yaya ta ɗaga wata ƙwaya mai ruwan hoda ta ce, "Da wannan kike ɗura wa bawan Allah? So kike ya warke ko ya yi kyau?"

Suka hau tsincewa. Magungunan da yake sha yanzu aka sa su a wata roba mai murfi, tsofaffin aka ware don a mayar wa mai kantin magani. Kwalisa ta riƙa shinshina jan bakinta ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya canza wari sai kwandon shara. Akwai wani da ta riƙe tana juyawa, ta ce mai tsada ne.

"Da can," in ji Yaya, ta fizge ta jefar.

Abin da ya tsira bai cika tafin hannu ba: jagira, jan baki ɗaya, kwalli, burushi da matsefi. Kwalisa ta juya cikin jakar waje ta wanke da sabulu, ta wanke burushin har ruwan ya fito fari, ta ɗora su kan injin busar da kaya. Kafin a tashi sun bushe. Kumburin leɓen ya ɗan sauka, ta wanke fuska, ta yi kwalliyarta a tsanake.

Da ta isa gida, maigidan na zaune a kujerarsa ta bakin taga. Tun da ya kwanta ciwo, daga "i" sai "a'a" ake samu a bakinsa, su ma da ƙyar. Ya kafa mata ido tun daga ƙofa. Ta ga muƙamuƙinsa na motsi, jijiyar wuya ta tashi.

"Ina... kika... je?"

Robar magani ta kusa suɓuce mata. Ta daure ta ce, "Aiki mana, Baban yara."

Ya girgiza kai a hankali. "Ƙar...ya."

Sai ga dariya a karkataccen bakin nan. Kwalisa ta durƙusa a gabansa tana dariya tana hawaye, kwallin da ta sha wahalar sawa ya zubo har haɓa. Nan take ta kira 'ya'yan a waya, ta ce ubansu ya buɗe baki, kuma da kishi ya fara.

Likitar gashin ƙashi ta daɗe tana cewa yatsunsa na buƙatar ƙananan ayyuka. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya ture, don a ganinsa abin wasan yara ne. Kwalisa ta san halin kayanta: mutumin da ya saba lanƙwasa ƙarfe ba ya son aikin da ba aiki ba. Ranar hutunta ta gaba sai ta jawo tebur gabansa ta zazzage jakar, ta ce daga yau duk mako za a yi mata shara, kuma ita kaɗai ba za ta iya ba. Ita ta wanke burushi da soso, ta goge cikin jaka. Shi kuma nasa ya kwance murafe ya ɗaure, ya fiƙe mata jagira.

Farkon fari ɓarna ya yi. Jagirar ta karye, ya sake, ta karye, sai da ta koma guntuwa.

"Ka cinye min jagira, malam," ta ce. "Ka ga ta ƙarshe ke nan, in ka karya ta da gawayi zan fita, a ce matar wane ce."

Ya harare ta, ya sake kamawa, gumi na tsattsafo masa. Ba ta taɓa karɓa ta ƙarasa masa ba, ko da ranta na so. A hankali murfin da ke gagararsa ya fara buɗuwa. Daga murfi ya koma maɓallin riga, daga nan cokali. Ya tashi da sanda, ya kai ƙofa, ya kai bakin titi. Maganar ma ta dawo, tana ɗingishi amma tana isa inda za ta. Hannun dama dai bai koma kamar da ba, kuma ba su yaudari kansu ba. Abokin sana'arsa ya riƙa zuwa yana ɗaukarsa zuwa shago, wai ya riƙa sa ido a kan aiki.

A wurin aiki kuwa abin ya zama yayi. Ranar ƙarshen mako sai ka ga matan sun shimfiɗa tsohon zani a lokacin hutu, kowa ta zazzage tata, ana tsiya ana tonon asiri. A jakar wata aka samu cokalin da ta yi wata tana zargin maƙwabciya a kansa.

Wata rana da azahar mai gadi ya sauko ya ce ana sallama da Kwalisa a ƙofar baya. Ta fita tana goge hannu, sai ga maigidan tsaye, sanda a hagu, wani abu naɗe da jarida a hammata. Shi kaɗai ya hau motar haya ya zo.

"Kai da wa?" ta tambaya tana leƙa bayansa.

"Ni da... ƙafata."

Ta ja shi har ɗakin guga. Da aka warware jaridar sai ga madubi a cikin firam na ƙarfe, an yi masa fenti, da 'yan ƙugiyoyi a ƙasa na rataye jaka. Shi ya yi waldarsa da kansa, abokinsa na riƙe masa ƙarfen.

Yaya ta ɗaga shi ta karkata kai. "Kamar wannan kusurwar ta ɗan karkace."

"Idonki ne, Yaya," in ji Kwalisa.

"Ta karkace," maigidan ya ce. "Hannun nan nawa... sabon yaron shago ne. Yana koyo."

Aka nemo ƙusa aka kafa shi kusa da famfo. Nan da nan matan suka yi layi, masu gyara ɗankwali na yi, masu ture juna na yi. Kwalisa ta jawo wa mijinta kujera, ta zuba masa ruwan sanyi, ta tsaya a gefensa tana kallon rububin. Shi kuwa ya samu masu saurare, ya fara ba su labarin yadda ya yi faɗa da kwandasta a hanya. Labarin na tafiya a hankali, amma ba wadda ta katse shi, har Yaya ta manta cewa lokacin hutu ya wuce.