Na Je Kano Ɗauko Mai Jego

Daga Daura

Ina idar da sallar asuba na ɗora ƙullina a ka, na nufi tasha, gari bai ko fara wayewa ba. A cikin ƙullin akwai kanwa, da yajin jego da na daka da hannuna, da man shanu na Fulanin Dutsi. Saƙon da aka kawo mana shi ne Rabi, 'yar yayana Musa, ta sauka a Kano, an sami namiji. Haihuwar fari ce, ta kuma zo kafin lokacin da muka zata, shi ya sa ba a ɗauko ta tun da ciki ba. Uwarta ba za ta je ba saboda kunyar 'yar fari, sai aka ce Gwaggo Asabe ta je ta taho da ita wankan gida. Kullum dai ni ce, don an san bakina ba ya nauyi.

Tun da aka ƙaddamar da shari'a mata a baya muke zama, kuma a bayan nan ake jibga kaya. Na ce wa direba, "Kai, ni ce fasinja ko buhun geron nan?" Ya ce, "Haba Hajiya, shi ma ya biya." Aka yi dariya, muka kama hanya. Mun wuce Sandamu rana na fitowa, a Kazaure muka karya da ƙosai.

Kano

Da hantsi muka sauka. Na tsayar da ɗan acaɓa, ya ce shi ba ya ɗaukar mace, 'yan hisba na hanya. Sai na shiga keke mai ƙafa uku tare da wasu mata, ya kai ni unguwar kamfanoni a bayan gari, inda Idi mijin Rabi yake aiki a kamfanin jima.

Jama'a, tun kafin in ga unguwar hancina ya gan ta. Na san warin majema, muna da su a Daura, amma wannan daban ne, yaji gare shi, yana kama maƙogwaro. Kwata ta fito daga ƙarƙashin katangar kamfani da ruwa shuɗi-shuɗi mai kumfa, ta bi ta ƙofar gidajen mutane, ga masu tuwo-tuwo sun kafa tukwanensu a gefenta.

Gidan hayar ɗakuna ne a jere kamar shagunan kasuwa, kowane ɗaki da iyali, makewayi ɗaya, rijiya ɗaya a tsakar gida. Na sami Rabi a ɗakinta ta rame, sai idanu. Na karɓi jariri, kyakkyawa tubarkalla, amma ƙirjinsa na ƙara kamar ana tsaga tsohon zani.

"Tun yaushe yake wannan?"

"Tun washegarin haihuwa, Gwaggo. An karɓo masa magani a kemis."

Wanka

Da la'asar na ga abin da ya tayar mini da hankali. Talatu, maƙwabciyarta, ita ke yi mata wankan jego safe da yamma, ba dangin iya ba na baba, Allah ya saka mata. Ta jawo ruwa a rijiya, na leƙa guga, na ga ruwan da launi kamar an wanke baƙin zani. Ta cika rabin duro, ta ɗora a murhu a bakin ƙofar Rabi. Maimakon ice, sai ta zazzago buhu: yankakkun fatu ne da gutsattsarin soson takalmi da ake sharowa daga kamfani. Ta kunna. Baƙin hayaƙi ya murtuke, ba inda zai fita, ya shige ɗakin da jariri yake kwance.

Na ce, "Baiwar Allah, wannan fa?"

Ta ce, "Gwaggo, ice a nan sai mai hali. Ruwan mai jego kuwa dole ya tafasa, in ba haka ba sanyi ya shige ta. Dukkanmu da shi muka yi namu."

"To ƙirjin yaron fa?"

"Mura ce. Duk jariran gidan nan da ita suke farawa."

Na fita da jaririn zaure, amma zauren ma warin kwata ne. Washegari na zaga neman ice, abin da na samo bai wuce na dafa kunun kanwa ba. Wanka kuwa ba a fashinsa, ni kaina ban iya cewa a bari ba.

Da Idi ya dawo aiki na tare shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, hannuwansa duk sun saɓule da ruwan jima, shi ma yana tari. Na ce gobe da sassafe zan tafi da su.

Ya ce, "Gwaggo, a yi mini arziki. Jibi suna. Na sayi rago, na gaya wa abokan aiki. In aka yi sunan ɗana na fari ba na nan, da wane ido zan dubi mutane? Daura kuma masu kamfani ba za su bar ni in je ba, in na yi fashi wani za su ɗauka."

Na ce, "To mu kai shi asibiti."

"An ce mura ce, Gwaggo. Bayan suna, in Allah ya so."

Na dubi yaron nan a durƙushe, na ji tausayinsa, na ce to. Wallahi da na san abin da ke gaba, da ko hannu zai ɗora a ka yana kuka ba zan saurare shi ba. Aka yi suna, yaro ya ci sunan yayana Musa, aka ci, aka sha. Shi kuwa mai sunan nono ma da ƙyar yake kamawa.

Komowa

Washegarin suna muka fito. Niyyata daga tasha in zarce da shi asibitin Daura kafin gida. Rabi jiri take ji, sai na ce ta jingina da taga, ni na rungume jariri cikin mayafina. Muna barin Kano iska mai daɗi ta shigo, barci ya ɗauke ta, irin wanda ba ta samu ba tun da ta haihu.

Bayan Dambatta na ji ƙarar ƙirjin nan ta daina. Da farko har na ce alhamdu lillahi, iskar daji ta karɓe shi. Sai na sa yatsa a hancinsa. Na taɓa wuyansa. Na yi salati a zuci, na shafa idanunsa, na ja mayafi na rufe.

Na dubi Rabi, bakinta a ɗan buɗe, tana barci. In tashe ta a cikin mota, a gaban baƙi, a kan hanya? Na kasa. Na ci gaba da jijjiga shi kamar mai lallashi. A shingen Kazaure ɗan sanda ya leƙo, ya ce, "Mama, wannan jikan naki akwai haƙuri." Na ce masa, "Akwai."

Direban, wani dattijo mai furfura a gemu, ya kalle ni ta madubi, ya ga hawaye na bin fuskata. Ya kashe rediyo, ya daina tsayawa ɗaukar fasinja. Da muka shiga Daura bai nufi tasha ba, ya ce a hankali, "Hajiya, wace unguwa?" Ya kai mu har ƙofar gida.

Gida

Yaya Musa na zaune a dakali, ya miƙe da fara'a. Mata suka leƙo daga soro, wata har ta rangaɗa guɗa. Rabi ta farka tana mutsuttsuka ido, ta miƙo hannu.

"Gwaggo, kawo shi ya sha, tun Kano bai sha ba."

Ban ba ta ba. Na wuce na ɗora shi a hannun Yaya, na ce, "Ga takwaranka, Allah ya karɓi abinsa a hanya." Ban juya ba, amma na ji faɗuwarta.

Kafin la'asar aka kai shi. Ina gode wa Allah da ya dawo da mu, ina gode wa Talatu da ta yi iyakar abin da ta sani, da direban nan da ban ko tambayi sunansa ba. Rabi ta yi wankanta a gidan ubanta, da ice, da ruwa mai kyau, ni na riƙa yi mata safe da yamma har ta yi arba'in. Kullum in na gama sai ta tsaya ta matse nonon a ƙasa, ni kuma in juya baya in yi kamar ina kashe wuta.