Sista Mai Taɓa Ƙafa Ta Yi Ritaya

Kowace safiya, kafin ta dubi allon na'ura, sai ta murza hannayenta su yi ɗumi, ta ɗaga bargo, ta kama yatsun ƙafar marar lafiya. A ɗakin da ake kwantar da waɗanda zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da ita, ba wanda ke kiran wannan nas da sunanta. Mai Taɓa Ƙafa ake ce mata. Watan nan ta yi ritaya.

Na san ta ne ta dalilin ƙanena, kafinta, wanda ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa. An danna ƙirjinsa har haƙarƙari ya karye kafin zuciyar ta dawo, kuma ta dawo a galabaice. Da ya farka, kowane numfashi azaba ne.

Matarsa ta kasa jurewa. "Sista, don Allah ki ƙara masa allurar kashe zafin nan! Ciwo a ƙirji, ke kina can wajen ƙafa?"

"Ƙanwata, taɓa ki ji," in ji Sista. Ƙafar sanyi ƙalau. "Jini bai isowa nan sosai, zuciyar ba ta gama tsayawa da ƙarfinta ba. Maganin nan dangin mofin ne, mai ƙarfin kashe zafi. Akwai wasu 'yan ƙofofi a jiki da yake shiga ta cikinsu. Suna ƙwaƙwalwa, suna zuciya ma. In na antaya masa da yawa, numfashi zai ja baya, jini ya sauka."

Ta ce masana na nan suna binciken ko ta ƙofofin nan za a iya kare zuciyar da ta tsaya. "Kafin su gama, mu sai lallaɓawa."

Ba ta bar shi cikin zafi ba. Ta kira likita suka daidaita maganin, ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, tana tsaye a kansa, ta koya masa rungume matashi in tari ya zo. Ranar da ɗumi ya sauko ƙafar, ƙanena ya buɗe ido ya ce, "Sista, cakulkuli kike min."

"To, Oga kafinta, mai jin cakulkuli ya kusa barin mana gado."

Ke ce, Sista, kika haɗa tausayi da haƙuri a hannu ɗaya. Masu shara sun shaide ki, iyalan da kika zauna da su ranar da ba a dace ba su ma sun shaide ki.

Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma sababbin nas-nas, ku dubi na'ura, amma ku riƙa taɓa mutum. Ƙanena ya koma bakin aiki, kujerar farko da ya ƙera kuwa tana falonki. Ki zauna, kin daɗe a tsaye.