Filtar Motar Baba

Shekara biyu bayan rasuwar Baba, a-kori-kurarsa tana nan gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a Wurno, tayoyi sun sace, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Da ita ya tsufa yana dakon albasa daga fadama zuwa kasuwa. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, yayana ya kira ni zaure.

"Masu sayen tsohon ƙarhe sun zaka," in ji shi. "In ba ta tashi ba kahin a ƙare cirar albasa, yanka ta za su yi, su auna."

Ni malamin firamare ne, iyakar sanina da mota shi ne inda ake danna ham. Amma kalmar yankan nan ta tsaya mini a rai. Na ce a bar ni da ita.

Wani bakanike na bakin tasha ya sa batir, ya canza fulogi, sannan ya ce kada a kuskura a tayar da ita sai an zuba sabon baƙin mai an sake filta, wato abin da ke tace dattin man. Tata irin ta dā ce, gwangwanin ƙarfe mai dogon noti, da wata naɗaɗɗiyar takarda a ciki. An daina yin irinta tun ina yaro. Shi ya sa Baba yake wanke tasa da kananzir, ya shanya a kan rumbu, ya yi ta gadinta kada akuya ta taɓa. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ina tsoma takardar a kananzir ta narke mini a hannu kamar tuwon da ya kwana a ruwa.

Daga nan yawo ya same ni. In an tashi daga makaranta sai in ɗaure gwangwanin a bayan babur in kama hanya cikin rana. A Rabah wani mai kayan gyara ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wagga ai ta girme ni." Na kusa da shi ya tambaya ko ta injin niƙa ce. Sau biyu ina shiga Sakkwato a banza. Bayana ya riƙe, rigunana duk suka koma warin baƙin mai. Na gaji, gajiyar da har na fara jin haushin Baba, mutum yana kabarinsa, don me bai sayi biyu ya ajiye ba.

A Goronyo aka nuna mini wani dattijo mai gyaran injinan ban-ruwa. Ya shinshina gwangwanin tukuna kafin ya dube ni.

"Mi kaka biɗa, ɗana? Wagga ba ka samun ta ko'ina. Sai dai mu yi mata dabara."

Dabarar ita ce ya sassaƙa faifan ƙarfe wanda filtar zamani za ta ɗauru a kai. Na farko ya yi yoyo. Na biyu ya ƙi zama. Na koma karo na uku ba don ina sa rai ba, sai don kunyar dattijon. Wannan ya zauna daram.

Bakaniken ya ce in shiga in murza makulli, ta yi tari, ta yi tari, sai ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse. Inna, mahaifiyarmu, ta fito har bakin zaure ba ko takalmi. Ta leƙa wajen direba, ta ga ni ne, ta juya ciki. Ni da wautata na ɗauka murna ce ta hana ta magana.

Da la'asar yayana ya zagaya motar yana gyaɗa kai.

"Tunda ta tashi, sai a saishe ta da ranta. Gado ce, ba taka ba ce kai ɗai."

Gaskiyarsa ce. Wani manomi daga Rara ya zo ya saye ta, ya tuƙa ta ya tafi. Na lallashi kaina da cewa ko ba komai na hana a yanka ta.

Abin da ban hango ba shi ne, duk ranar kasuwa sai ta bi ta bayan gidanmu da lodin albasa, kuma ƙararta ba ta kama da ta kowace mota. Inna na jin ta take miƙewa ta ɗauki buta ta nufi randa, yadda ta saba yi wa Baba in ya dawo. Sai ta kai tsakar gida take tunawa.

Ranar nan ina zaune ta sake yi. Ta daɗe tsaye da butar a hannu har ƙarar ta ɓace, sannan ta dube ni, ba faɗa, ba kuka.

"Kai dai ka sha wahala, ɗan nan," in ji ta. "Amma da ka bari sun yanka ta."