Malam Hammajoda Tirwun, Dillalin Magina da Masu Bincike

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Hammajoda a Tirwun, gefen birnin Bauchi, a shekarar 1921. Mahaifinsa, Hammadu, Bafulatani ne makiyayi da ya ajiye sanda ya kama noma bayan annoba ta cinye masa garke, mahaifiyarsa Habibatu kuwa ta shahara wajen zanen ƙorai da yi wa amare jere. Bayan ya sauke Alƙur'ani, an sa shi elementare a 1931, daga nan ya zarce Midil, inda ya kammala a 1940.

Aiki da Aure

A 1941 aka ɗauke shi malamin sito a sashen ayyuka na En'e, wato hukumar gargajiya. A nan ya saba da magina da kafintoci da dukawa, har ya san hannun kowa ko bai ga mai aikin ba. A 1946 ya auri Sauda, 'yar wani marini a unguwar Jahun, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa.

Dillancin Ilmi

A farkon shekarun 1950, siminti da kwanon rufi da kujerun kanti suka fara shigowa daga Jos, kasuwar masu sana'ar gida ta soma ja da baya. A 1953 Hammajoda ya raka kaya Zariya, inda ya tarar da malaman wata kwaleji suna gwaje-gwaje a kan ƙasar gini da katako, alhali babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa cuɗanya da magini. Ya dawo da ƙudurin haɗa ɓangarorin biyu.

Lamarin bai zo da sauƙi ba. Ɗanlarai, babban maginin Ƙofar Wunti, ya ƙi bayyana yadda yake haɗa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe bango da shi, domin gadon gidansu ne. Kwalejin ita ma ta yi nauyin jiki kafin ta turo wani matashin mai bincike, Andrawus, ɗan ƙasar Bogoro. Sai da Hammajoda ya shekara yana zarya tsakaninsu kafin Ɗanlarai ya amince, bisa sharaɗin cewa duk abin da aka gano, da sunan magina za a kira shi.

Gwajin farko, wanda aka yi a zauren wani attajiri a 1955, bai kai ƙarshen damina ba shafen ya zube. Attajirin ya kai ƙara En'e, magina suka janye in ban da Ɗanlarai, 'yan gari suka laƙaba wa Hammajoda suna Dillalin Boko. Da aka nemi ya bar maganar ko ya bar aiki, an ruwaito cewa ya amsa wa wakilin ayyuka da cewa: “Ranka ya daɗe, dillali ba ya gudu don ciniki ya ɓaci sau ɗaya.” Ya ajiye aikin, ya ba da zauren gidansa aka ci gaba da gwaji a ciki.

A 1957 Ɗanlarai da Andrawus suka dace da haɗin da ya jure ruwa, kuma yake karɓar launin shuni da jar ƙasa ba tare da ya koɗe ba. Daga nan Hammajoda ya sada kafintoci da masu binciken maganin gara, ya kuma sa dukawa suka koyi jima mara wari, har tumtum ɗin Bauchi ya shiga ɗakunan ma'aikata a Kaduna.

Shekarar 'Yancin Kai

A Oktoban 1960, ɗakin taron unguwarsu da aka yi walimar samun mulkin kai a ciki, tun daga daɓe da zanen bango har kujerun maɗaci, duk aikin mutanen da ya haɗa ne. Dattawan da suka halarta sun daɗe suna tuna ƙamshin sabon daɓen da yadda shunin bangon yake ɗaukar ido da hantsi.

Shekarun Ƙarshe

Bayan rasuwar Ɗanlarai a 1968 da shigowar arzikin man fetur, jama'a suka koma ga bulo da fenti, masu neman shawararsa suka ragu. Ya sauke farali a 1975, sannan ya koma noma a Tirwun. Duk ranar Juma'a bayan an sauko, yakan bi tsofaffin unguwanni yana duba zaurukan da ba a rushe ba tukuna.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar wata Laraba cikin watan Sha'aban, a 1984, bayan gajeriyar jinya. An yi masa sutura a maƙabartar Tirwun bayan sallar Azahar, sauran tsofaffin magina ne suka gina masa kabari da hannunsu, Andrawus kuwa ya taso daga Jos ya zauna makoki har aka yi sadakar uku. Ya bar matarsa Sauda da 'ya'ya biyar: Sabitu, Hamma, Ruƙayyatu, Yelwa da Hajja. Dukansu sun yi karatu sun kama aiki, sai dai babu wanda ya gaje shi a dillancin. Allah Ya jiƙansa da rahama.