Taron Sunan da Na Watsa a Gorton

Ni dai ba 'yar kasuwa ba ce. Aikina haɗa magani ne a wani babban asibiti a Edgbaston, cikin birnin Birmingham na Ingila, kuma da albashi yana motsi da ban taɓa leƙa harkar gidaje ba. To, shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, albashi ya tsaya cak, kaya kuwa kullum sai hawa. Sai wata abokiyar aikina ta ja ni wani taron masu sayen gidaje a Birmingham, inda wani mai kwat ya yi ta zuba mana daɗin baki, wai a sayi ruɓaɓɓen gida a Manchester, a gyara, a sayar, a kwashi riba. Flipping suke ce masa. Abin ya kwanta mini a rai, don in mutum ya haɗa kuɗinsa babu ruwansa da bashin banki mai kuɗin ruwa.

Na haɗa adashena da ɗan abin da na gada, na sayi gida a Gorton, wata unguwa a Manchester, a wurin gwanjo. Irin gidajen nan ne na jan bulo da suke jere manne da juna, bangonka shi ne bangon maƙwabcinka. Ranar da muka fara shiga, warin danshi ne ya tare mu tun daga ƙofa. Maigidana ya leƙa ya fito, ya ce, "To, Hajiya mai gidaje, Allah ya ba da sa'a." Ko kallonsa ban yi ba.

Falon ɗan tsurut ne, ga kuma wani ƙaton gini da ya turo ciki daga bango ya cinye wuri. Murhu ne na zamanin da Turawa ke hura kwal don jin ɗumi. Daga falo ya tashi, ya ratsa ɗakin kwanan da ke sama, ya ɓulla ta rufi ya zama bututun hayaƙi. Na so a cire na falon, sai injiniyan da ya duba mini gidan ya ce gini ɗaya ne tun daga ƙasa har sama, na ƙasan ne ke ɗauke da sauran. In za a cire, sai an gitta ƙarfe ya tokare na saman, sai ƙaramar hukuma ta sani, sai maƙwabci ya yarda. Lokacin gyaran rufi da na boiler, tukunyar da ke ɗumama gida, sun riga sun tsotse ni, na ce a bar shi ya sha zamansa.

Aka gama gyara, gida ya ƙi sayuwa. Wata da watanni ko mai tayawa babu. Na koma taron nan da zafina, sai mai kwat ya fito da sabon salo, rent-to-own: ka sa mutum a gidan yana biyan haya, wani kaso na hayar yana zama kuɗin saye, har ya mallaka. Na ɗaga hannu na ce, in famfo ya fashe wa zai gyara, ni ko shi? In ya yi nisa da biya ya fasa fa? Kafin ya gama biya, gidan nawa ne ko nasa? Ya yi murmushi ya ce ya danganta. Na dawo gida da tambayoyina kamar yadda na tafi da su.

Ana haka aka haɗa ni da wani Bakano da ke ƙarasa karatun dakta a Salford, matarsa da tsohon ciki. Shi ma gudun kuɗin ruwa yake yi. Mutum ne mai kirki, Anti yake ce mini, ni kuma in ce masa Malam. Lauya ya rubuta mana takarda muka sa hannu. Amma a zuciyar Malam abin irin na gida ne, inda mutum yana ba da kafin alƙalami zai kira magini ya fasa nan ya toshe can, ba mai ce masa don me.

Da matar ta haihu aka gayyace ni suna. Na hau jirgin ƙasa da atamfa da kayan jarirai, na isa bayan azahar, lokacin taron mata ya kankama. Falo ya cika maƙil, turaren wuta na tashi, kiɗa na dukan bango, ana ta rangaɗa guɗa. Aka matsa mini na zauna a ƙasa, aka miƙo mini waina da miyar taushe. Har na ce a raina, masha Allah, ashe falon nan da girmansa. Na jingina bayana da bango, na kai loma baki, sai na tuna a daidai nan murhun yake. Na waiga. Bango sumul, sabon fenti har yana ƙamshi.

Na ajiye kwanon na bi ta kicin zuwa bayan gida. Malam na can da abokansa, ga tulin tsohon bulo a gefe an rufe da leda.

Ya ce, "Anti, kin ga aiki ko? Ni da abokaina muka yi shi a ƙarshen mako. In ba haka ba ina mata za su zauna?"

Na ce, "Malam, kun sa ƙarfe?"

"Ƙarfen me?"

"Na saman fa? Wanda ke ɗakin kwana?"

"Ai ba mu taɓa shi ba, Anti. Yana nan lafiya lau."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san sanda na hau benen ba. Mai jego na zaune a bakin gado ta sha lalle, mahaifiyarta da ta zo daga Kano don wankan jego na gefenta, da ƙawaye kaɗan. Ga ginin nan a tsaye a ɗakin, bulo kan bulo har rufi, kuma ni kaɗai a gidan na san babu komai a ƙarƙashinsa sai katakon daɓe. Wata tsaga ta taso daga silin ta gangaro ta gefensa, yatsana zai shiga. Gadon jaririn kuwa an manna shi da jikin ginin. Yaron na barci cikin farin mayafi, garin siminti ya yi ɗigo-ɗigo a kai. Duk sanda masu rawa suka buga ƙafa a ƙasa, sai wani garin ya zubo.

Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba. Na hango bulon nan ya ɓurma daɓen, ya tafi da gadon, ya sauka kan matan da ke jere a jikin bangon falo da yaransu a cinya. Ba zan ɓoye ba, har gidan yari na hango, don sunana ne a kan gidan.

Na durƙusa gaban dattijuwar na ce, "Gwaggo, don Allah a fita da kowa waje yanzu. Ginin nan faɗuwa zai yi."

Ta dubi ginin, ta dube ni. Ta ce, "Haba 'yar nan, ana tsakiyar sha'ani? Wane irin mugun fata ne wannan? Bari a watse, Allah zai tsare."

Na fita bakin bene na ɗaga murya na ce a kashe kiɗa a fita. Kiɗan ya haɗiye rabin maganar. Wata daga ƙasa ta ce, "Anti mai gida, haya aka zo karɓa ranar suna?" Aka kwashe da dariya, aka ci gaba da rawa.

Na koma ɗakin. Ban nemi izinin kowa ba, na sunkuya na ɗauki jaririn da mayafinsa, na rungume shi, na sauka. Na keta tsakiyar falo ina taka zannuwan mutane, na buɗe ƙofa na fice babu ko takalmi. Gwaggo ce ta fara kurma ihu: "Ta tafi da yaron! Jama'a, ta tafi da yaron!" Nan take kiɗa ya mutu. Na tsallaka titi cikin yayyafi na tsaya, na juyo ina kallonsu suna ɓulɓulowa daga ƙofar, wata da cokali a hannu, wata tana jan ɗanta, ana salati, ana zagina. Ni kuwa idona na kan ƙofar, ina roƙon Allah kada a bar kowa a ciki.

Malam ya zagayo da gudu, idonsa ja. Ya ce, "Anti, me muka yi miki? In gidanki kike so ki faɗa mana, ba sai kin tozarta mu a gaban mutane ba."

Na nuna masa rufin da haɓa. Bututun hayaƙin gidajen layin duk a miƙe suke, namu ne kaɗai ya ɗan karkata. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juya da kansa ya je ya buga ƙofar tsohuwar Baturiyar da ke maƙwabtaka da su ya fito da ita, wani kuma ya kira 'yan kwana-kwana.

Ginin bai faɗi ba. Aka tokare shi a ranar, daga baya aka sa ƙarfen, muka yi ta ja-in-ja da Malam kan wanda zai biya. Har yau akwai matan da in mun haɗu a biki sai su kau da kai, wai ni ce na watsa sunan ɗan mutane.

A ranar dai, mai jego ce ta fito a ƙarshe, tana takawa a hankali tana dafa bango. Ta tsallako titin ta miƙo hannu, na ba ta ɗanta. Ba ta zage ni ba. Ta buɗe mayafin ta ga garin simintin a gashinsa, ta shiga share shi da gefen gyalenta.

Ta ce, "Anti, ni na matsar da gadon can. Wuta ta yi tsada, ba ma kunna hita sosai. Na ga bangon nan ya fi ko'ina ɗumi, don hitar maƙwabciyarmu na bayansa."