Hatimin Malam Sabi'u

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina sito muna tsince zoɓo sai ga waya daga Babura, wai Malam Sabi'u ya rasu.



Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai haɗa mana takardun fitar da kaya waje, a ɗan ofishinsa na nan Kazaure. Mu masu riɗi da zoɓo na Roni da Gwiwa, kusan dukkanmu ta hannunsa muka fara tura kwantena ƙetare.

Ranar da na kai masa fom ɗina na farko, nauyin da na rubuta daban, na kan sikeli daban. Ya duba ya yi dariya ya ce, "Hajiya Talatu, 'yan kwastam ba su san ke mutuniyar kirki ba ce. Abin da kika rubuta shi kaɗai suka sani." Ya ture abincinsa gefe ya koya mini layi-layi.

Da aka riƙe kayana a tashar jiragen ruwa saboda shafi ɗaya da ya ɓace, da kansa ya hau mota ya kai Legas.

To, yau zan faɗi abin da ya kwantar da shi.

Akwai wani Alhaji. Ya san kansa, kuma na san yana karanta wannan. Ya kawo zoɓon da ba a yi wa feshin ƙwari ba, ya ce Malam ya haɗa masa da takardar shaidar an yi. A gabana Malam ya ce, "Alhaji ka yi haƙuri, ka kai a yi feshin. Ba zan sa hannu a kan ƙarya ba."

Sai Alhajin ya je aka sassaƙa masa hatimi irin na Malam, aka kwaikwayi sa hannunsa. Kaya suka isa can ƙetare, aka buɗe aka ga ƙwari, aka juyo da su. Sunan wa ke jikin takardu? Na Malam. Aka dakatar da lasisinsa, mutane suka watse. Alhaji kuwa ya rantse bai san komai ba, ya ci gaba da harkarsa.

Daga nan hawan jini ya kama Malam, ɓarin jikinsa ya shanye.

Mako biyu da suka wuce na je duba shi. Yana kwance kan tabarma, maganarsa da ƙyar take fita. Ya ce, "Hajiya, ba ofis ne ke damuna ba. Yarana ake kira 'ya'yan mai takardun bogi a makaranta." Can ya ƙara da cewa, "Ki bar shi da Allah."

Na ce to. Malam ka yafe mini, ba zan iya ba.

Alhaji, ka saurara. Na gano wanda ya sassaƙa maka hatimin, kuma ya yarda zai yi magana. Mai gadin sitonka ma ya ce zai shaida ba a taɓa yin feshin ba. Ana gama zaman makoki zan kai su gaban hukuma da kaina. Matan Gwiwa da nake sayen zoɓo a hannunsu sun ce ko ƙwarya ɗaya ba za su ƙara sayar maka ba. Kada ka sa babbar riga ka zo mana ta'aziyya. Ban yafe ba, kuma ba zan huta ba sai an karanta wa yaran Malam takardar da ta wanke ubansu.

Allah ya jiƙan Malam Sabi'u, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya cuce shi.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.