Buhunan da Kawu Bai Faɗa Ba

Shekarar da na fara aikin inshora ita ce shekarar da geron kawuna ya jiƙe a Kusada, kuma har yau na kasa raba abubuwan biyu a raina.

Na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo. A cikinsu duk yarinyar da ta samu aiki tana da jaka mai sheƙi da turare mai sanyin ƙamshi, kuma kafin a kai shafi na ashirin wani matashin ɗan kasuwa zai ɗago kai ya kalle ta ya manta abin da yake rubutawa. Saboda haka da na ji wani kamfanin inshora yana neman wakilai, ban tsaya dogon bincike ba. Mako biyu muka yi a Katsina ana koya mana inshorar shago da ta sito da ta injin niƙa. Tsarin na taimakon juna ne, malamai sun duba shi, aka ce kullum da wannan za mu fara magana. Albashi babu, sai kamasho in ka kawo mutum. Na dawo Kankia da jaka cike da fom da sabon mayafi ruwan hoda.

Wata biyu ina bin shagunan bakin titi, ban ga matashin ba. Da na ambaci gobara sai mai shago ya ce Allah ya tsare, ya juya wajen mai sayen sabulu. Wani mai sayar da taya ya nuna mini addu'ar da ke manne a ƙofarsa, ya ce malamin da ya rubuta masa ita bai ce a riƙa sabuntawa duk shekara ba. Oganmu kuwa duk Litinin sai ya kira daga Katsina ya tambaye ni mutum nawa na samu.

Inna ce ta gaji da ganina ina dawowa da ƙafafu a kumbure, ta kira ƙaninta. Kawu yana sayen gero da kaka daga manoman Kaikai, ya zuba a sitonsa da ke bayan kasuwar Kusada, ya fitar idan damina ta kankama. Duk abin da ya mallaka yana cikin siton nan. Ya ce in zo.

Da na bi shi gida, mu zauna mu biyu a zaure, da labarin ya canza. Amma ni so nake a gan ni. Na zaɓi ranar kasuwa, na hau acaba da mayafina, na same shi a rumfarsa da abokansa biyar. Wani tsoho mai awo ya tambaya ko mu ne masu biyan mutum in ya yi asara. Na ce mu ne. Ya buɗe baki ya nuna mini gurbin haƙoransa biyu, ya ce a fara da waɗannan. Aka yi dariya, ni ma na yi, na ji ni daidai da 'yan matan cikin littafi. Na ciro biro na fara cike fom, har na iso layin adadin kaya.

"Kawu, buhu nawa ne a siton?"

Mai awo ya sunkuya yana kaɗe tiyarsa.

Na san abin da na yi tun kafin in rufe baki. Mai ajiyar hatsi ba ya faɗin yawan buhunansa, matarsa ma ba ta sani ba. In aka sani, da zarar rumbuna sun ƙare dangi da maƙwabta za su yi layi a ƙofarsa, wanda bai samu ba kuma ya tafi yana cewa ana ɓoye abinci ana jiran tsada.

"Alhamdu lillahi, ɗiyata," in ji Kawu.

Maimakon in rufe jakata, sai na ce ai fom ɗin lamba yake so. Ya dube ni, ya ce:

"Rubuta arba'in."

Tun ina ƙarama na san siton nan, na sha ganin mota biyu tana sauke kaya a ƙofarsa. A Katsina kuma an ja mana kunne mu shiga mu gani da idonmu, domin in mutum ya rage adadin kayansa, gwargwadon abin da ya faɗa za a biya shi. Amma ba zan iya ƙaryata kawuna a gaban abokansa ba. Na rubuta arba'in, ya sa hannu. Na ce a raina zan koma in same shi shi kaɗai mu gyara. Da na kai fom ɗin Katsina oga ya yabe ni a gaban sauran wakilai, yabon ya yi mini daɗi, na yi ta ɗaga komawar daga wannan mako zuwa wancan.

A farkon damina, wata rana bayan la'asar, iska ta yaye kwanon siton, ruwa ya sauka kan buhunan har magariba. Washegari na tafi. Na ce wa Kawu ya kwantar da hankalinsa, ai ranar da aka yi inshorar dominta ke nan.

Sai kwana na uku mai tantance asara ya iso daga Katsina, lokacin geron ya fara ɗumi yana tashin tsami. Mutum ne mai ladabi, ya gaida kowa. Ya sa 'yan dako su riƙa fito da buhunan ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana ƙirgawa da ƙarfi don kada a ce ya yi coge. Jama'a suka taru. Ya wuce arba'in bai tsaya ba. Da ya ce sittin na ji wani a bayana ya ce ikon Allah. Da ya haura ɗari, wani ɗan'uwanmu da Kawu ya ce wa babu a watan da ya wuce ya matso gaba ya harɗe hannu.

Kawu ya yafito ni gefe.

"Ɗiyata, ce mashi ya bari."

"Kawu, in bai gama ba, ba za su biya ko kwabo ba."

"Na ji. Ce mashi ya bari."

Na je wajen mutumin. Ya rage murya ya ce shi ba zai iya rubuta rahoto a kan rabin sito ba, kuma ko ya gama, tunda arba'in aka rubuta, abin da zai fito ba zai kai kashi ɗaya cikin biyar na asarar ba. Na koma bayan wata bishiya na kira oga, ina roƙon ko akwai wata hanya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni wa ya riƙe biron ranar da aka rubuta arba'in. Na tsaya da waya a hannu, ina jin ana kiran ɗari da talatin da huɗu.

Kawu da kansa ya je ya sallami 'yan dakon. Ya ba mai tantancewar hannu, ya gode masa da ya taso tun daga Katsina, ya ce ya yafe. Sannan ya jawo ƙofar siton da ba shi da rufi ya sa mata kwaɗo.

Geron masu kiwon kaji suka kwashe shi a wulaƙance. Ɗan abin da bai jiƙe ba kuma bai kwana biyu ba, domin yanzu kowa ya san akwai, kuma Kawu ba shi da bakin cewa babu. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Duk sanda muka haɗu sai ya ce ya aiki, in ce da godiya.

Da kaka ta zagayo na tambayi Inna ko ya fara sayen gero. Ta ce bana ba zai saya ba, yana zama a rumfar wani yana yi masa awo.